Yadda Ake Juya Awon Matsi a Asibitin Karkara

Wata ranar Talata da hantsi wata ƙanwata a wurin aiki, ungozoma da ba ta cika shekara da fitowa daga makaranta ba, ta kira ni daga wani ƙaramin asibiti a yankin Faskari. "Yaya, na'urar bifi ɗin nan ta lalace, shirme kawai take nunawa." Na ce me ta nuna? Ta ce 21.6 a sama, 14.8 a ƙasa. Na tambaye ta wa ta auna. Mace ce mai cikin wata takwas, ƙafafu a kumbure, kwana biyu kai na sara mata. Na ce ta dubi gefen lambar da kyau, akwai wasu 'yan ƙananan haruffa. Ta yi jim, can ta ce, "K, P, A."

Na'urar lafiyarta ƙalau. Wani ne ya danne maɓalli ya daɗe a kai, ta bar ma'aunin da muka saba ta koma kilofaskal. Da muka juya lissafin, jinin matar 162/111 ne, wato ya shiga matakin da ake tsoron jijjiga. Kafin azahar an sa ta a mota zuwa Funtua.

Irin wannan kira ya yi mini yawa, shi ya sa na zauna na rubuta wannan jagora domin ƙannena da ke fara aiki a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Kayan aikinmu ba daga gida ɗaya suka fito ba. Wannan daga Sin, wancan daga Indiya, wani kyauta ce daga wata ƙungiya, kowanne da ma'aunin ƙasarsu a fuskarsa. Littattafan ma haka: na Ingila su rubuta iskar da ke cikin jini da kPa, na Amurka da mmHg. Ga kuma hanya da ba a faye son binta bayan la'asar ba, wanda ke nufin shawarar tura majiyyaci gaba ko ajiye shi dole a yanke ta da wuri, kuma a kan lambar da aka fahimta.

Abin da za ka tanada

Biro da ƙaramin littafi, kalkuletar waya, rula mai santimita, filasta, da ɗan kwali da za ka rubuta waɗannan a jiki ka liƙa a bango kusa da teburin awo:

kPa 1 = mmHg 7.5
mmHg 1 = cmH2O 1.36
cmHg 1 = mmHg 10
bar 1 = kPa 100 = psi 14.5 = mmHg 750
MPa 1 = bar 10 = psi 145
psi 1 = kPa 6.9 = mmHg 52

Layi shida ke nan, kuma sun ishe ka duk aikin asibiti. Wanda ya haddace na farko da na biyu da na huɗu zai iya ciro sauran da kansa.

Mataki na 1: Ka san abin da ake aunawa

Matsi shi ne ƙarfin da abu ke tura bangon da ya tare shi: jini a jijiya, iska a taya, tururi a tukunya. Hanya mafi tsufa ta auna shi ita ce a ga iya tsayin da zai ɗaga wani ruwa a cikin bututu. A 1733 wani malamin coci a Ingila, Stephen Hales, ya ba da labarin yadda ya soka dogon bututun gilashi a jijiyar doki, jini ya hau sama da ƙafa takwas. Ba wanda zai riƙa yawo da bututu mai wannan tsawo, don haka a 1828 Poiseuille na Faransa ya yi amfani da zaiba, wadda ta fi ruwa nauyi sau 13.6. Abin da zai ɗaga ruwa santimita 163, zaiba santimita 12 kawai zai ɗaga ta, wato milimita 120. Daga nan mmHg ta samo asali, Hg kuwa alamar zaiba ce a kimiyya. Maɗaurin damtse da muke hurawa Riva-Rocci ne ya fito da shi a Italiya a 1896, sauraron bugun jijiya kuma Korotkoff na Rasha a 1905.

Masana kimiyya ba su son awon da ya dogara da nauyin wani ruwa, sai suka tsayar da faskal, wanda aka shigar cikin tsarin awo na duniya a 1971. Faskal ɗaya ɗan mitsitsi ne, shi ya sa ake ƙirga shi dubu-dubu a matsayin kPa, ko miliyan-miliyan a matsayin MPa. Likitoci kuwa suka ƙi sakin mmHg, har yau. Ni dai ban ga laifinsu ba, amma mu ne muke biyan kuɗin rigimar da lissafi.

Mataki na 2: Karanta haruffa kafin lamba

Kusan duk kuskuren da na gani a nan yake faruwa, ba a wajen ninkawa da rabawa ba. Ido yana zuwa kan babbar lamba ya tsallake 'yan haruffan da ke gefenta.

Duk wanda ya taɓa cin kasuwa a Maraɗi ya san in mai kaya ya ce maka "ɗari", ba sefa ɗari yake nufi ba, dala ɗari yake nufi, sefa 500. Haka takardun asibitinsu suke. A Nijar da sauran ƙasashen da suka yi karatun likita da Faransanci, ana faɗin hawan jini da santimita na zaiba. Za ka ga an rubuta TA 12/8, ko majiyyaci da bakinsa ya ce maka, "Malam, can sun ce goma sha huɗu da tara." Sai ka ƙara sifili: 120/80, 140/90. Sukan kuma sa waƙafi a inda muke sa ɗigo, 13,5 tana nufin 135.

To ga tarkon. Kama da wane ba ta wane. Lambar 12/8 a takardar Maraɗi jini ne mai kyau, 120/80. Ita dai wannan 12/8 ɗin a fuskar na'urar da ta koma kPa tana nufin 90/60, jinin da ya sauka, wanda in a wurin mai zubar jini bayan haihuwa ne ba a zauna ba. A ɗaya gefen, 14/9 ta Faransanci hawan jini ce, 14/9 ta kPa kuwa 105/68 ce, ba abin da ya samu mai ita. Wanda ya koyi dabarar ƙara sifili ya riƙa shafa ta ko'ina zai sallami wadda ya kamata a ɗaura wa ruwa, ya ɗora wa mai lafiya ƙwaya.

Yadda nake rarrabewa: in rubutun hannu ne a takardar da ta tsallako iyaka, da kalmomin Faransanci a jiki, santimita ce. In a fuskar na'ura ce kuma akwai ɗigo, kamar 16.0 da 10.7, kPa ce. In kuma takarda ce ba alama ba komai, kada ka yi canki-canki. Damtsen mutumin na gabanka, ka ɗaura ka auna da kanka.

Agogon tukunyar oksijin da na injin zuƙe majina sukan zo da layi biyu na lambobi, baƙi a waje, ja ko shuɗi a ciki. Ka nemo inda aka rubuta ma'aunin kowane layi, galibi a ƙasa kusa da gindin allura, sannan ka bi layi ɗaya kada ka tsallaka.

Mataki na 3: Yi kirdado kafin ka taɓa kalkuleta

Kalkuleta ba ta san ka danna rabawa a maimakon ninkawa ba, za ta ba ka amsa da fara'arta. Abin da zai cece ka shi ne ka riga ta sanin inda amsar za ta faɗa. Ka tambayi kanka: wane ma'auni ne babba? Kilofaskal ya fi milimita na zaiba girma, don haka lambarsa ƙarama ce, kamar yadda buhun masara ɗaya yake tiya masu yawa. In ka juya daga kPa zuwa mmHg ka ga lamba ta ragu, ka yi baya-baya.

Ka riƙe waɗannan a ka kamar lambar wayarka: 90 ita ce kPa 12, 120 ita ce 16, 140 ita ce 18.7, 160 ita ce 21.3, 110 ita ce 14.7. Da ƙanwata ta san biyun ƙarshen nan, da ba ta buƙaci kira na ba.

Mataki na 4: Yi lissafin, ka rubuta shi a fili

Daga kPa zuwa mmHg, ninka da 7.5. Daga mmHg zuwa kPa, raba da 7.5. In ba waya a hannu, ninka da 15 ka raba biyu: 18 sau 15 ya ba da 270, rabinsa 135. Lambar sama da ta ƙasa kowace a yi mata nata lissafin.

In ma'aunai biyu ba su da gada kai tsaye a kwalinka, ka bi ta kPa. Misali psi 3 zuwa santimita na ruwa: 3 sau 6.9 ya ba da kPa 20.7, sau 7.5 ya ba da mmHg 155, sau 1.36 ya ba da kusan 211. Kada ka datse lamba a tsakiyar hanya, ka bari sai ƙarshe. A ƙarshen kuma kada ka rubuta wa mutum jininsa 161.26. Na'urar hannu bibbiyu ake karanta ta, kuma duk mai kyau ana yi mata uzurin milimita uku sama ko ƙasa. Ɗigon da ka ƙara ado ne kawai.

Wanda zai karanta sakamakon gwajin iskar jini daga babban asibiti irin na Shika ko na Katsina, lissafin ɗaya ne. Oksijin na mai lafiya mmHg 80 zuwa 100 ne, wato kPa 10.6 zuwa 13.3. Gurɓatacciyar iskar da muke fitarwa 35 zuwa 45 ce, wato 4.7 zuwa 6.0. In ka ga oksijin ya yi ƙasa da kPa 8, daidai yake da ƙasa da 60, huhu ya gaza.

Mataki na 5: Santimita na ruwa, inda ƙaramin kuskure ke da girma

Ana amfani da cmH2O wajen matsi mai laushi: numfashin jarirai, ruwan ƙashin baya, balan-balan ɗin bututun maƙogwaro. Saboda lambobin suna kusa da na mmHg, mutane sukan ɗauka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne: mmHg 8 ta kusa cmH2O 11, ƙarin fiye da kashi ɗaya cikin uku, kuma huhun bakwaini ba ya ɗaukar irin wannan wasa. Daga mmHg zuwa ruwa a ninka da 1.36, daga ruwa zuwa mmHg a ninka da 0.74. In na'ura ta rubuta mbar ko hPa, ka huta, kusan daidai suke da cmH2O.

Wanda ya taɓa ganin kwalbar kumfa da ake taimaka wa jariri numfashi da ita ya ga ma'aunin nan ido da ido. Bakin roba na nutse a cikin ruwa, iska na fita tana ɓulɓul, zurfin da robar ta nutse shi ne matsin. In likita ya ce biyar, santimita biyar ke nan daga saman ruwa zuwa bakin roba. Sau biyu na tarar an auna daga gindin kwalba. Ka sa rula, ka manna filasta a daidai saman ruwan, domin a lokacin hunturu da bazarar nan tamu ruwa na ƙafewa da sauri, matsin ya ragu ba wanda ya taɓa komai.

Wannan lissafi shi ne kuma dalilin da ya sa ake cewa damtse ya yi daidai da zuciya. Jini ruwa ne mai nauyi. Duk santimita 10 da hannu ya sauka ƙasa da zuciya yana ƙara kusan mmHg 8 na ƙarya, in ya hau sama kuma ya rage hakan. Tsohuwar da ke zaune a benci hannunta na lilo za ta iya fitowa da hawan jinin da ba ta da shi. Ka ɗora hannun a tebur, ko ka tallafe shi. "Inna, saki hannun, ni zan riƙe." Ka jira ta huta minti biyar daga tafiyar da ta sha.

Mataki na 6: Tukunyar oksijin

A nan lambobi manya ne, kuma su ne ke gaya maka ko iska za ta kai majiyyaci inda za shi. Cikakkiyar tukunya takan nuna wajen bar 137 zuwa 150, wato psi 2,000 zuwa 2,200, wato MPa 14 zuwa 15. Na taɓa samun tukunya an jingine ta a lungu wai ta ƙare domin allura na kan 6. Agogon na MPa ne. Bar 60 ke ciki, kusan rabi.

Ga yadda ake lissafin lokaci. A kafaɗar tukunya an buga yawan litar ruwan da cikinta zai ɗauka. Ka juya abin da agogo ya nuna zuwa bar, ka ninka da wannan lamba, ka samu litar iskar da ta rage. A ce ƙaramar tukunya ce mai lita 10, agogo na kan psi 900. Raba da 14.5, bar 62. Ni nakan cire bar 20 in ajiye gefe, don agogo na iya yin ƙarya kuma mota na iya tsayawa. Saura 42, sau 10, lita 420. Yaron da ke shan lita 2 a minti, za ta kai shi awa uku da rabi. Babban da ke shan lita 5, minti 84 kacal. Wanda zai taso daga Sabuwa ya bi ta Dandume da Funtua ya nufi Shika, da shingayen bincike da ramukan hanya, ya san minti 84 ba za su kai shi ba. Gara a sani tun a ƙofar asibiti a ɗauki ta biyu.

Gargaɗi: kada mai ko man shafawa ko giris ya kusanci bakin tukunya, oksijin mai matsi yana kama wuta da su ba tare da ashana ba. A buɗe a hankali, fuska a gefe. A ɗaure tukunya a tsaye ko a kwantar da ita a tokare, kada a bar ta tana gangarawa a bayan mota.

Mataki na 7: Sifilin agogo ba sifili ba ne

Kusan duk agogon asibiti yana auna abin da ya ɗara matsin iskar da ke kewaye da mu ne. A bakin teku irin Legas wannan iska mmHg 760 ce, ko kPa 101.3. Mu nan kudancin Katsina muna kan tudu, sama da mita 500, tamu ba ta kai haka ba, tana wajen 700 da 'yan kai. Wajen awon jini wannan bai dame ka ba. Inda yake taɓa ka shi ne tukunyar dafa kayan aiki. Ƙa'ida ita ce zafi ya kai digiri 121, wanda a bakin teku ake samu in agogo ya nuna psi 15, ko kPa 103, ko bar 1 da ɗan ɗori, ko MPa 0.1, ko kg/cm² 1.05 a tukwanen Indiya. A tudunmu wannan lamba takan ba da zafin da ya gaza da kamar digiri ɗaya. Don haka kada ka rage minti ko ɗaya daga lokacin da aka ƙayyade, ka fara ƙirga bayan allura ta kai, kuma ka bar tururi ya kori iskar ciki kafin ka rufe bawul. In akwai tef mai sauya launi, shaida ce kawai cewa tururi ya kai ga kayan, ba cewa sun dahu ba.

Injin zuƙa kuwa lambobinsa na ƙasa da sifili ne, alamar ragi a gabansu. Jariri ba a wuce masa mmHg 80 zuwa 100, wato kPa 11 zuwa 13. A injinan Sin masu MPa wannan 0.013 ne, allura da ƙyar ta bar wurinta. Sabon ma'aikaci yakan ga kamar injin bai tashi ba ya murɗa har 0.04, wanda mmHg 300 ne a hancin ɗan kwana ɗaya. Ka toshe bakin roba da yatsa, ka saita allura, sannan ka kusanci yaro.

Mataki na 8: Juya baya, sannan ka rubuta da ma'auni

Ka ɗauki amsarka ka mayar da ita inda ta fito. In 162 ka samu, raba da 7.5, ka ga ko 21.6 ta dawo. Sannan ka dubi majiyyaci. Lissafin da ya ce jini 40/25 ne alhali mutum na zaune yana ba ka labarin gonarsa, lissafin ne ba shi da lafiya.

A kati ka rubuta mmHg a gaban lambar, ko da kana ganin kowa ya sani. In juyawa ka yi, ka rubuta ta asalin a gefe, domin wanda zai karɓi majiyyaci a Malumfashi ko Funtua ya iya bin sawunka. Na'urar da ta koma kPa a mayar da ita nan take, yawanci ta hanyar danne maɓallin kunnawa ko na saiti na 'yan daƙiƙu tana kashe, a kuma gaya wa na dare abin da ya faru.

Saura magana ɗaya kan tsohuwar na'urar zaiba. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Najeriya ke ciki, ta sa ana janye irinta daga asibitoci saboda gubar zaiba. In taku na nan da rai, ku adana ta a kabad ku riƙa gwada masu allura da ita duk wata shida, don masu allura suna kaucewa da zarar sun faɗi ƙasa sau ɗaya. In ta fashe, a fitar da yara da masu ciki, a buɗe tagogi, kada a sa tsintsiya kuma kada a taɓa da hannu. A sa safar hannu a tattara ƙwayoyin da kwali ko sirinji a zuba a kwalba mai murfi da ɗan ruwa a ciki.

Gobe da safe, kafin a kira mai kati na farko, ku zagaya ɗakin awo da ɗakin haihuwa ku dubi fuskar kowane agogo. Ku rubuta ma'auninsa da manyan haruffa a filasta ku manna masa a goshi, ku liƙa kwalin nan mai layi shida a inda mai aikin dare zai gan shi da hasken tocila.